Tambayar da aka yi mini a Mancesta

Washegarin harin bam na 22 ga Mayun 2017, wanda ya hallaka mutum 22 a Mancesta, wata abokiyar aikina ta same ni wajen shan shayi. Ba da faɗa ba, cikin sanyin murya ta ce, me ya sa Musulmi ba sa fitowa su la'anci waɗannan mutane? Na riƙe kofi, maganar ta tsaya mini a maƙogwaro.

A nan Ingila, in limami ya yi tir da ta'addanci, takarda zai fitar, a ɗauke shi hoto da shugaban 'yan sanda, ya koma gida ya ci abincin darensa. Ban raina hakan ba. Amma a gida kuɗin wannan magana jini ne. Malam Ja'afar Mahmud Adam ya fito fili ya warware koyarwar Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram na farko, tun mutane ba su san inda abin zai kai ba, aka harbe shi yana limancin Asuba a Ɗorayi ranar 13 ga Afrilun 2007. Malam Albani Zariya bai taɓa rufe baki ba, aka tare motarsa a Fabrairun 2014, aka kashe shi da matarsa da ɗansa, Shekau ya fito ya ce su ne. Sarki Sanusi ya ce jama'a su tashi su kare kansu, kafin watan ya ƙare bam ya tashi a babban masallacin Juma'a na Kano, 28 ga Nuwamban 2014, sama da mutum 100 suka tafi. A Maiduguri kuwa samari ne da gora suka shiga lungu-lungu suna farautar 'yan Boko Haram a 2013.

Sai dai mu ma muna da namu laifin. Da yawanmu mun daɗe muna cewa makirci ne daga waje, Musulmi ba zai aikata haka ba, alhali yaran unguwa ne, an san iyayensu. Wannan musun ya ba su lokaci.

Kawuna ya shekara biyu yana tsayuwa a ƙofar masallacin unguwarmu kowace Juma'a, yana shafa jikin masu shiga, har da tsofaffin da suka girme shi. Ya san in mai bam ya zo, shi zai fara samu. Da shi na fara ba abokiyar aikin tawa labari, ta ja kujera ta zauna.