Na'urar ƙwaƙwalwa ba ta karanta tunani

Mutane da yawa sun ɗauka na'urar da ake dasa wa masu shanyewar jiki a ƙwaƙwalwa tana karanta tunani, ko tana warkar da ciwon. Ko ɗaya ba ta yi.

Irin wadda aka yi gwajin BrainGate da ita a Amurka ɗan faranti ne mai faɗin milimita 4, bai kai ƙwayar wake ba, ɗauke da siraran allurai kusan 100. A sashen da ke sarrafa motsin hannu ake kafa shi. Da mutum ya yi niyyar motsa hannu, jijiyoyin wurin sai su saki 'yar wutar lantarki, allurai su ɗauka, kwamfuta ta mai da ita umarnin motsa wani abu, kamar kibiyar da ke kan allon kwamfuta. Sai an koya wa kwamfutar wace alama ce dama, wace ce hagu, kuma alamun kan sauya, dole a riƙa sake saiti. Idan kuwa tsinkewar laka ce ta jawo shanyewar jikin, lakar tana nan yadda take.

Jiki kan lulluɓe alluran da tabo, sigina ta raunana. A 2024 ma zaruruwa da dama masu ɗaukar sigina na na'urar kamfanin Neuralink sun zame daga ƙwaƙwalwar mutumin farko da aka dasa wa, makonni kaɗan bayan tiyata.