Wa ke da ikon sa hannu a kwangilar ƙungiyar masu gidaje?

Mutane da yawa a rukunonin gidaje na Abuja suna ɗauka cewa da zarar an zaɓi shugaban ƙungiya, sa hannunsa kaɗai ya isa ya ɗaure kowa da kwangilar masu gadi ko ta haƙa rijiyar burtsatse. Ba haka abin yake ba. Idan ƙungiyar ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa (CAC) bisa dokar kamfanoni ta 2020, amintattunta, wato waɗanda aka yi wa rajista a madadinta, su ne doka ta sani da riƙon dukiyarta, kuma kundin tsarin mulkinta ne ke fayyace masu sa hannu, galibi shugaba da sakatare, bayan kwamiti ya amince. Ya kamata ɗan kwangila ya ga rubutaccen ƙudurin taron kafin ya sauke ko buhun siminti ɗaya.