Wata sarauniya da muryar aro

Ni fa ban kira sunan kowa ba, tun yanzu nake faɗa, kar gobe a turo min Goggo wai a yi sulhu. Wadda ta ji zancen ya yi daidai da ita to ta ɗauka, mai kaza a aljihu dama ba ya jimirin as.

Jiya da daddare ƙanwata ta miƙo min waya wai Adda kalli wannan, na duba sai ga wata baiwar Allah a layif na TikTok, an sha filta har hanci ya kusa ɓacewa, tana cewa wai mawaƙan mata na Gombe sun tsufa, wai zamani ya wuce na masu murya kamar ta masu tallan nono, yanzu fuska ake saye. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni wlh. Mai tallan nono kam ai tun daga bakin layi ake jin ta ba tare da lasifika ba, ke kuma ranar da janareto ya mutu a wajen dinar nan ko na kujerar gaba bai ji ki ba.

Bari in tuna miki tunda kambu yana sa mantuwa. Shekarar da aka ɗora miki abin nan mai ƙyalƙyali a wata makaranta, aka rataya miki ƙyalle a kafaɗa, garin nan ya ɗauki zagi daga Jekadafari har Pantami, har gidanku aka je ana cewa an bar yarinya ta lalace. Kin san maganar gasar kyau a Arewa ba abar wasa ba ce, waɗanda suka yi wayo a 2002 sun san abin da ya faru a Kaduna har aka kwashe gasar duniya daga Abuja aka kai ta Landan, kuma ko Shatu Garko da ta ci ta Najeriya a 2021 da hijabinta a kai, 'yar shekara 18, ba ta tsira daga bakin mutane ba. A wancan lokacin wa ya tare miki? Ni ce nan na bi kwament ɗaya bayan ɗaya ina cewa a bar yarinya, ba ta yi tsirara ba, atamfa ta sa da ɗankwali. Har aka haɗa da ni aka zaga.

Sai ga ki wata ranar Laraba a situdiyo da azahar, kin zo a Keke da wata ƙawarki mai riƙe miki jaka, kika ce Adda ina son in fara waƙa. Na ce to bismillah. Mai kiɗa ya ɗora fiyano ya ba ki kiɗa mafi sauƙi, irin wanda ake ba yara masu koyon amshi, muka kwashe awa uku a baiti ɗaya, kiɗa na gabas kina yamma, in an ce ki hau sai ki sauka, yaron nan har ya cire abin kunne ya fita wai zai yi sallar la'asar alhali ko kiran farko ba a yi ba. Ƙarshe ni na shiga na rera miki duka a matsayin jagora don ki bi sawu, shi kuma ya ɗora taki a kai ya rage ta can ƙasa ya turo tawa sama, ya zuba ototun, abin nan na kwamfuta mai gyara murya, kamar ana zuba magi a miyar da ba nama. Waƙar da ake ta miki kirari da ita ke nan. Duk wanda ya san ni in ya saurara da kyau zai ji inda nake jan numfashi, Dada ma da ta ji a wayar maƙwabciya cewa ta yi yaushe kika yi sabuwa ba ki faɗa min ba.

Ni ban ce sarauniyar kyau ba ta zama mawaƙiya ba, kar a juya min magana. An yi su. Munachi Abii, wato Muna, da ta ci gasar sarauniyar kyau ta Najeriya mai suna MBGN a 2007 tun tana Fatakwal take rap kafin ta taka dandalin gasa. Ita kuma Vanessa Williams ta Amurka da kike yawan kama suna da ita, baƙar fata ta farko da ta ci gasar ƙasarsu a 1983, iyayenta duka malaman kiɗa ne, a cikin gasar ma waƙa ta rera da bakinta a gaban alƙalai, aka tilasta mata ajiye kambun a 1984 ko shekara bai cika ba, amma 1988 ta fito da kundin waƙoƙinta duniya ta saurara. An karɓe kambu murya ta tsaya. Ke in aka karɓe filash ɗin da ke jakarki me zai tsaya?

Ai mun gani. Bikin nan da aka riga aka yi magana da ni, har na haɗa waƙar amarya da sunan kakanninta tun daga Dukku, sai kwana huɗu kafin ranar uwar biki ta kira tana ta kame-kame wai amarya ta ce mai mabiya take so, wai hoto zai fi kyau. Na ce Allah ya sanya alheri. Na je kuma, da ankona, don dangin ango namu ne. Kin fito ana ta haske waya, kina motsa baki muryata na fita a sifika, ana miki liƙi, sai mai ya ƙare a janareto. Ɗif. Hajiyoyi suka ce to sarauniya ci gaba da baki mana kafin a sayo mai, kika tsaya kina gyara gashin ido kina cewa wai maƙogwaronki ne, wai sanyin hunturu. Wane hunturu a watan Afrilu a Gombe fisabilillahi? Wata tsohuwa ce ta kifa ƙwarya a cikin ruwa ta fara bugawa, aka juyo ana nemana da ido. Na tashi don amarya, ba don ke ba, minti ashirin ba makirfo. Kuɗin da aka watsa min kuma ƙawar nan taki ta duƙa tana tsincewa tana zubawa a jakarki, ina kallo, na yi shiru saboda idon surukai.

To bayan wannan ne za a hau layif a ce mun tsufa. E mun tsufa kam, shekara goma sha ɗaya ina shiga ɗakin nan mai soso a bango da zafi ba fanka don kar ƙara ta shiga rikodin, na yi wa maza amshi a kuɗin da ko kati ba zai saya ba yau, kuma ban taɓa jin kunyar a ce ni mai waƙar biki ba ce.

Ranar Asabar akwai kamu a Tumfure, uwar amarya ta ce ba DJ, ƙwarya ce da tafi. Na ce a ajiye kujera ɗaya a gaba. In an zo a taho min da cikon kuɗin situdiyo, mai kiɗa ma har yanzu yana tambaya.