Gammon Hajiya da ɗinki biyar

Duk wanda ya gan ni a masallaci ranar Juma'a da hannu a naɗe sai ya tambaya, wasu kuma sun riga sun ji ta bakin Alhajin bene na uku. To gara ku ji daga bakina, don na samu labari yanzu har cewa yake suma na yi. Ban suma ba. Zama na yi.

Kun san uwargida ta sauka, kun san Hajiya ta zo daga Katsina wankan jego. Gidanmu na unguwar Bronx a birnin Niyok ɗaki biyu ne da falo, Hajiya ta ce ita a falo za ta riƙa kwana don zafin hita yana hawar mata kai, kicin ɗin kuwa ko labule babu tsakaninsa da falon. Ni da ban taɓa kai loma baki a gabanta ba tun da na auri 'yarta, sai ga firijina taku huɗu daga inda take shimfiɗa sallaya.

Jarabata kuma kun san ta, begel. Don arha na fara cinsa ina sabon zuwa, a wajen masu kekunan kofi na bakin titi, har ya zama in ban ci da safe ba sai in wuni ina jin kamar na manta wani abu a gida. Mutanen gida da ba su taɓa gani ba, ku ƙaddara ɗanwake ne ya yi karatun boko: ana jefa ƙullin fulawar a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kafin a gasa, shi ya sa bayansa yake sheƙi, cikinsa kuma yake da danƙo, sai muƙamuƙi ya yi aikin kuɗinsa. Nawa shi ne mai komai-da-komai, wanda ake barbaɗa wa riɗi da tafarnuwa da albasa da gishiri, a raba biyu, a shafa cuku mai laushi.

Ranar da Hajiya ta fara ganinsa a kan tebur ta ɗauka, ta juya shi, ta leƙa ta ramin, ta ce wa 'yarta, "Wannan gammon na ɗaukar me ne?" Tun daga ranar sunansa gammo a gidan. Na yi ƙoƙarin kare masa mutunci, ta hannun uwargida mana, tunda ba zan tsaya ina musu da suruka ba. Na ce ta gaya mata abin yana da asali, Yahudawan ƙasar Polan ne suka zo da shi Niyok, kuma tun 1610 an ambace shi a dokokin al'ummarsu na birnin Krakow a matsayin abin da ake kai wa mai jego. Na ɗauka wannan zai burge ta. Saƙon ya je ya dawo: "Allah sarki. Ba su da kanwa ne a garin?"

Abin da ya jawo komai, kuma na yarda laifina ne, shi ne lissafi. A jihar nan in ka sayi begel ɗungurungum babu haraji, in aka yanka maka ko aka shafa cuku ya zama haɗaɗɗen abinci, sai harajin ciniki ya hau kansa, wanda a cikin birni ya kusa kashi 9 cikin 100. Sannan inda nake saye, in ka ɗauki dozin ana yi maka gyaran guda, su zama 13. Sai nake saye da yawa, ba yanka, in jibge a firiza.

Ranar Lahadi na dawo daga sallar asuba, falo shiru, fitila a kashe, Hajiya a lulluɓe ba motsi. Na ce yau ga dama. Na cire takalmi a ƙofa, na yi sanɗa kamar ɓarawon kaji, na buɗe firiza a hankali na zaro guda. Da na sa shi a na'urar ɗumama abinci da an wuce wurin, amma ita na'urar in ta gama sai ta yi kuka sau uku, ƙarar da ko matacce zai ji. Katakon yanka kuma yana ƙarƙashin tukwane, in na ja shi sai an ji. Sai na riƙe begel ɗin a tafin hannun hagu, daskararre kamar dutsen niƙa, na ɗauko wuƙar nama da ni kaina na wasa ta saboda ragon suna, na fara dannawa. A cikin duhu. Bakin wuƙa yana kallon tafin hannuna.

Da farko ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ya ƙi. Na cije leɓe na ƙara, sai ya yarda gaba ɗaya lokaci guda.

Jama'a, akwai ihun da namiji yake yi a gidansa, akwai kuma wanda yake haɗiyewa saboda suruka. Na haɗiye. Abin da ya fito wani ɗan siririn sauti ne ta hanci, irin na ɗan akuya da aka taka wa igiya. Begel ya suɓuce, ya faɗi a kan gefensa, kuma da yake Allah ya yi shi da siffar taya, sai ya kama hanya. Ina tsaye ina kallo ya gangara ya fita daga kicin, ya ratsa falo yana zubar da riɗi, ya yi wani ɗan kewaye, ya je ya kwanta a bakin sallaya.

Sai hannu ya fito daga cikin mayafi, da carbi a jiki, ya ɗauke shi.

Ashe ba barci take ba. Lazimi take, tun shigowata tana kallona. Ni kuma tarbiyya ta riga hankali, sai na samu kaina a durƙushe, hannu a matse cikin hammata, jini yana bin rigata, ina cewa, "Hajiya, ina kwana? An tashi lafiya?" Ta amsa gaisuwar cikakkiya, har da tambayar sanyi da gajiyar aiki, ban da wadda ta tsallake. Sai da ta gama ta ɗaga murya ta kira 'yarta: "Ke, fito, gammon ya sari maigidanki." A nan ne na zauna. Zama, ba suma ba.

Uwargida ba ta fita saboda jego, sai aka kira Alhaji, tunda yana da tasi. Wannan bawan Allah ɗan Maraɗi, wanda ya karɓi injin huda bangona aro tun kafin korona ya ce kwana biyu, wanda duk ranar da na tuna masa sai ya ce "Ai yana nan lafiya lau," kamar ɗa na ba shi riƙo. Shi ne kuma ya zo suna ya ci faranti biyu ya ce naman ya yi tauri, ya tafi da na uku a leda. Sai da ya tsaya ya sa hula ya fesa turare. A hanya ya rage gudu ya gaisa da wani ta taga, har da tambayar mutanen gida, ina baya da tawul a hannu. Na roƙe shi, na ce Alhaji don girman Allah in mun je mu ce nama nake gyarawa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Malam, sirrinka sirrina ne."

Muka shiga ɓangaren gaggawa. Wata nas babbar mace ta kwance tawul ɗin, ta dubi tafin hannun, ta dubi agogo, ta dubi riɗin da ya manne a gaban rigata. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Begel?"

Na buɗe baki zan ce rago. Alhaji ya riga ni. Ya amsa mata da ƙarfi, ya ƙara da cewa daskararre ne, kuma a cikin duhu, kuma saboda tsoron suruka, da Turancinsa na tasi da ake ji daga ƙarshen layi. Har kwatanta yadda ya gangara ya yi da hannu, shi da ba ya wurin. Wani tsoho da ke zaune da ƙafa a kumbure ya yi dariya har ya kama tari. Ita kuwa nas ɗin ko murmushi ba ta yi ba, cewa ta yi irin wannan yanka sun saba ganinsa da safiyar ƙarshen mako. Wannan ya fi ƙona mini rai, wato ko a wauta ban zo da sabon abu ba. Ɗinki biyar aka yi mini, da allura ɗaya a kafaɗa. Takardar kuɗin ba ta iso ba tukuna, amma uwargida ta ce in ta zo za ta lissafa mini begel nawa za a yanka da shi har da harajin.

Da na dawo na tarar an goge kicin, Hajiya ta juya baya tana shan shayi. Jiya na leƙa firiza da hannu ɗaya na ƙirga, saura takwas, ni kuma ban taɓa ko ɗaya ba. Uwargida ta ce fito da shi take tun dare ya saki, da safe ta tsoma a shayi. Ta kuma ba da saƙo, wai in na koma a ƙaro mai riɗin, kuma in ce su yanka.

Alhaji ya leƙo dubiya da yamma. Ya ce tunda hannun ba zai yi aiki ba kwanan nan, bari ya ci gaba da riƙe injin.