Ranar da gidan katako ya sa ni salati

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar Asabar wani mutumina ɗan Zariya ya ja mu daga Mancesta wai mu je yankin Cheshire a Ingila kallon wani tsohon gida, Little Moreton Hall, tun wajen 1504 aka fara gina shi, duk katako ne fari da baƙi, ruwa ya zagaye shi, ga shi a karkace kamar tsohon da ya ƙi riƙe sanda. Ni kuwa tun a tsakar gida nake ta zuba, wai kakana magini ne na san azara, har ina nuna musu inda kafintan ya sassaƙa sunansa, Richard Dale, 1559.

To sai muka hau dogon ɗakin nan na can sama. Taku uku na yi na ji ƙasa tana tafiya da ni hagu, na ƙara ɗaya ta dawo dama, bango ma na ga ya sunkuyo. Nan take na tuna ban sha maganin hawan jini ba, na ce shi kenan ta faru ta ƙare. Na zube dirshan a tsakiyar Turawa na dafe kai ina salati da ƙarfi, har ina cewa a kira min Hajiya a Kano. Wata tsohuwa mai yi wa baƙi bayani ta durƙuso da robar ruwa, a hankali ta ce ɗana lafiyarka ƙalau, daɓen ne a lanƙwashe, rufin dutse aka ɗora wa katako, nauyin ya danne shi shekaru ɗari huɗu. Wani yaro da bai fi shekara biyar ba ya wuce ni a guje yana kallona.

Jikan magini fa.

Shi kuwa ɗan Zariyan nan, maimakon ya kama ni, waya ya zaro yana bidiyo yana dariya har da tari. Mutumin da nake bi fam 20 tun azumin bara, kuma ni na sa man motar ranar, ko tayi bai yi ba. Kafin mu sauko ƙasa bidiyon ya shiga gurup, yanzu kowa Injiniya yake kirana. Ruwan dai na shanye, robar ma tana mota.