Tabon huhu: Kada a sayar wa majinyaci gwaji da sunan magani

Duk wanda ya taɓa jinyar mai tabon huhu ya san yadda abin yake. Mutum ya tashi daga tabarma zuwa bakin ƙofa, sai ya dafa bango yana haki kamar wanda ya yi tsere. Busasshen tari ba dare ba rana, kan yatsu ya kumbura, daga baya tukunyar iskar oksijin ta zama abokiyar kwana. Naman huhu da ya kamata ya yi laushi kamar soso ne yake taurarewa, iska ta kasa ratsawa cikin jini. A nau'in da likitoci ba su gano musabbabinsa ba, rabin majinyata ba sa wuce shekara 3 zuwa 5 bayan an gano cutar idan ba magani. Magunguna biyu da Amurka ta amince da su a 2014, pirfenidone da nintedanib, rage saurin cutar kawai suke yi. Tabon da ya riga ya zauna, ya zauna.

To wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Shi ya sa maganar binciken warkar da tabon da ƙwayoyin halitta na asali (stem cells), wato ƙwayoyin da kan iya rikiɗewa su zama wani nau'in naman jiki, waɗanda ake ɗebowa daga ɓargo ko kitse ko mabiyiya, take shiga zuciyar iyalai da sauri.

Binciken na gaske ne, ina kuma yi masa fatan alheri. Amma a duba girmansa. A Girka a 2013 an gwada ƙwayoyin kitse a kan mutum 14. A Ostareliya a 2014 an gwada na mabiyiya a kan mutum 8. A Jami'ar Miami ta Amurka, sakamakon da ya fito a 2017 na mutum 9 ne. Tambayar da waɗannan gwaje-gwaje suka yi ita ce ko abin yana cutarwa, kuma amsar ta kwantar da hankali. Ko yana warkarwa kuwa, mutum 9 ba sa amsa wannan tambaya.

Wani abu da masu binciken suka lura da shi ya fi ɗaukar hankalina. Idan aka zuba ƙwayoyin ta jijiya, yawancinsu a huhu suke maƙalewa, cikin ƴan kwanaki kuma sun ɓace. Ba sa zama su koma sabon huhu kamar yadda aka zata da farko. Amfanin da ake gani a jikin dabbobi daga saƙon da suke saki ne, wasu ƴan mitsi-mitsin ƙunshi masu ɗauke da sinadaran da ke kwantar da kumburi, ana kiran wani nau'insu eksozom. Sai aka ce, me zai hana a tattara saƙon a bar ɗan aiken? A 2020 masu bincike a Jami'ar Jihar North Carolina suka shaƙa wa ɓeraye irin wannan ƙunshi, tabon ya ragu. Tunani ne mai kyau ƙwarai. Sai dai tabon ɓera da magani ake haddasa shi cikin makonni, wani lokacin ma yakan lafa da kansa, na ɗan Adam kuwa shekaru yake yi yana ginuwa.

Inda raina yake ɓaci shi ne kasuwar da ta riga binciken isa. Asibitocin kuɗi a ƙasashe da dama suna tallar allurar ƙwayoyin nan da ta eksozom a intanet, da bidiyon wani yana cewa ya samu sauƙi. A Disamba 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wasu a jihar Nebraska sun kwanta rashin lafiya mai tsanani sanadiyyar allurar eksozom, ta kuma ce babu maganin eksozom ko guda da ta amince da shi. Mutanenmu masu fita neman lafiya waje, waɗanda wasu sai an sayar da gona ko fili ake haɗa musu kuɗin jirgi, su ne irin waɗanda wannan talla take farauta.

Wani zai ce mutum da kuɗinsa da ransa, a bar shi ya jarraba mana. Na fahimci wannan, ban kuma raina shi ba. Amma gwaji na gaskiya yana da rajista, yana da kwamitin da ke sa ido, ana gaya maka haɗarin a fili, ba a kuma saba karɓar kuɗin allurar daga hannunka ba. Wanda ya karɓi miliyoyinka bai rubuta sakamakon ko'ina ba, ya cuce ka, ya kuma cuci majinyacin da zai zo bayanka.

A wajenmu ma tabon huhu sau da yawa yana da musabbabin da aka sani: ƙurar dutse da masu fasa duwatsu da masu niƙan ma'adinin zinare a Zamfara suke shaƙa, da ɓarnar da tarin fuka yake bari idan an makara da magani. Jiƙa dutse da ruwa kafin a niƙa yana rage ƙurar sosai, maganin tarin fuka kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati.