Ƙarfen da Na Ɗaure da Roba

Shekara 35 na yi ina koyar da lissafi. Da na yi ritaya kuɗin sallama suka fito, maimakon in sayi fili kamar yadda uwargida ta ba ni shawara, sai na je na sayo tarakta. Ƙarama ce ja, Massey Ferguson 135, mai injin Perkins silinda 3, irin waɗanda aka ƙera a Ingila a shekarun 1960 da 1970. Wato ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Mai sayarwa ya nuna mini kuloci, birki, giya da totur, ya ce sauran duk ɗaya ne da mota. Ni kuwa na shekara 20 ina tuƙa mota, sai na ga ai tambaya ma zubar da girma ce.

Abu ɗaya ya dame ni a jikinta. Akwai wani ɗan ƙarfe a ƙasa, daidai dunduniyar ƙafar dama, da yake ta ƙaras-ƙaras idan inji yana aiki. Na dube shi na dube shi, ban ga amfaninsa ba. Na samo tsohuwar robar taya na ɗaga shi sama na ɗaure tam. Ƙara ta tsaya. Har na yaba wa kaina, na ce Turawan ma ashe suna barin aiki ba a ƙarasa ba.

Gonata tana wajen Kura, inda ruwan dam ɗin Tiga ya mayar da kowa manomin shinkafa. Maƙwabcina na gona dattijo ne mai bijimai biyu, kuma tun ranar da na kawo tarakta ban bar shi ya sha ruwa ba. Kullum na wuce sai na ɗaga murya: "Malam, har yanzu ana nan ana fama da wutsiya?" Shi dai murmushi yake yi, ya ce, "Hedimasta, Allah ya sa albarka."

Wata safiyar Agusta, bayan ruwan da aka kwana ana tafkawa, na ɗauro tirela da buhu 20 na takin yuriya, kowane buhu kilo 50. Tan guda ke nan cif, lissafi ai aikina ne. Na bi hanyar gefen kwalbati ina ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Daidai inda ruwa ya kwanta a gefen dama, sai na ji tarakta ta karkata, ta yi wani nishi, ta tsaya.

Na ƙara totur. Tayar dama ta shiga juyawa fiii, tana feso taɓo har kan buhuna. Na ƙara. Ta ƙara haƙa wa kanta kabari. Da na leƙa hagu, abin da na gani ya fi kafewar ɓata mini rai: tayar hagu tana kan busasshiyar ƙasa, a tsaye ƙyam, ko motsi ba ta yi. 'Yar'uwarta tana can tana shan wahala, ita ta harɗe hannu tana kallo. Nan take na yanke hukunci cewa mai sayarwa ya cuce ni, taya ɗaya ce kawai take aiki.

Kafin ka ce kwabo an taru. A karkara mota ta kafe ai biki ne. Samari suka sauke buhu 20 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, aka cire tirela, suka jeru a baya suna "sai a tura, sai a tura". Na saki kuloci, taya ta yi musu wanka da laka tun daga hula har silifas. Ɗaya daga cikinsu ya tofar da abin da ya shiga bakinsa ya ce, "Baba, wannan ba turi take so ba, roƙon Allah take so." Wata tsohuwa mai tallar fura ta tsaya ta ce dama wurin nan ba a wucewa da sassafe ba tare da sallama ba, akwai masu wurin.

Na kira bakanikena a Kano. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Na yi masa bayani, ya ce wani abu da ban kama ba sai ƙarshensa: "...taka ...lok!" Na ce me? Ya sake cewa, "...lok, Malam, ...lok!" Layi ya yanke. Na juyo na dubi jama'a da fuskar wanda ya samo amsa, na ce bakanike ya ce a taka bulo.

Aka tura yara wani kango da ake gini a bakin hanya, na saya guda 8. Muka cusa su a gaban taya. Na hau na ba ta wuta. Biyu ta niƙe, uku ta haɗiye, ɗaya kuma ta harbo shi baya ya wuce ta gefen kunnen mai fura. Ba ta ƙara maganar masu wuri ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba.

Ana cikin haka sai ga maƙwabcina da bijimansa, igiya a kafaɗa. Bai ce komai ba, sai "Hedimasta, sannu da aiki." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fara neman inda zan ɗaura igiyar, na hango wani ƙarfe can sama a bayan kujera, sai na ji wata murya daga baya ta ce, "Kul! Kada ka kuskura ka ɗaura igiya a nan."

Wani tsoho ne a kan keke, da buhun ciyawa a bayansa. Ashe a ƙuruciyarsa direban taraktocin haya ne na gwamnati. Ya jingine keken ya ce duk abin da za a ja da tarakta a ƙarfen ja na ƙasa ake ɗaura shi, don in aka ɗaura sama da aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ta yunƙura, gabanta ne zai tashi ta kifo a kan direba. Sannan ya zagaya ta sau ɗaya, ya duƙa ya leƙa cikinta ya ce Alhamdu lillahi bai taɓa ƙasa ba tukuna. Ya leƙa wajen ƙafata. Ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wa ya ɗaure wannan?"

Na ce ai haka na saye ta. Allah ya yafe mini.

Ya zaro 'yar wuƙa ya yanke robar, ƙarfen ya sauko. Ya ce sunansa dif-lok. Sai a lokacin maganar bakanike ta dawo mini, na dubi ragowar bulo biyu na kawar da kai.

Bayanin da ya yi mini, da a aji nake da na ba shi maki goma bisa goma. Ya ce in shanu sun kai ƙarshen kunya za su juya, na waje ai ya fi na ciki yawan taku. To haka tayoyin baya suke a kwana, shi ya sa aka sa wasu haƙora a tsakiyar aksil da suke barin kowace ta yi gudunta. Amma haƙoran nan, in ji shi, kamar mai mata biyu ne da ya rantse sai ya yi adalci: abin da ya ba wannan shi zai ba waccan, ba ƙari. Wadda take cikin taɓo ɗan ƙarfi kaɗan ya ishe ta juyawa, sai ita ma ta kan tudu a ba ta daidai wannan ɗan kaɗan ɗin, wanda ba zai motsa ko amalanke ba. In ka taka ƙarfen nan, ka ɗaure su wuri guda ke nan, dole su juya tare, mai ƙasa mai kyau ta fitar da 'yar'uwarta. Jama'a suka yi ta dariya, maƙwabcina mai mata biyu ya fi kowa.

Ya ce in rage totur, in taka kuloci taya ta tsaya cak, don in aka danna shi tana tsakar gudu haƙoran ne za su ci junansu. In sa ƙaramar giya, in miƙe sitiyari, in danna da dunduniya, in saki kuloci a hankali. Na yi yadda ya ce. Na ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashina. Tayar hagu, wannan malalaciyar, ta motsa. Tarakta ta yi gurnani, ta dafa, ta fito tsaf kamar ba ita ba. Awa uku muna fama, abin bai kai minti ɗaya ba.

Samari suka sa ihu, ni kuma farin ciki ya ɗebe ni, na miƙe rabi a kan kujera ina ɗaga hannu, dunduniyata tana nan a kan ƙarfen na danne shi da dukkan nauyina. Gabana kwana ce. Na murza sitiyari hagu, tayoyin gaba suka juya, tarakta ta ce ba ta san zancen ba. Tsohon yana bina da gudu yana ihu, "Ɗaga ƙafarka! In ya ƙi saki taɓa birki ɗaya!" Ni kuwa abin da nake ji kawai shi ne tafi. Haka muka miƙe ɗoɗar, ni da ita, muka tsallake ɗan bakin gona muka shiga kuɓewar maƙwabcina, muka share kunya huɗu kafin in tuna inda makashin inji yake.

Aka yi tsit. Bijiman nan biyu suna tsaye suna tuƙa, suna kallona. Mai su ya tako a hankali, ya tsinci wata kuɓewa da taya ta lallatsa, ya juya ta a hannu, ya ce, "Hedimasta, ba komai. Dama gobe nake shirin tsinka."

Na biya kuɗin kuɓewa, na biya samari, na ba tsoho na goro ya ƙi karɓa, sai ragowar bulo biyun ya roƙa zai gyara murhu. Takin kuma, da yake hanyar ta riga ta dagule, babu mai yarda tirela ta sake bi ta wurin. A amalanken maƙwabcina aka kai shi gona, sawu uku, ina tafe a baya ina riƙe da takalmina a hannu. Da na isa gida da magariba uwargida ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Malam, filin ne ka je dubowa?"